Garantin waya: a rubuta mana ranar karɓa

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya a kwali, a Farm Centre ne ko a Beirut Road a Kano, ko a Banex da ke Abuja, ya san inda ciniki yake ƙarewa. Bayan an gama tayi da albarka, mai shago zai dafa kwalin ya ce, "Alhaji, wannan fa da garantinta, shekara guda cur. Ko me ta yi, ka dawo." Wannan maganar ce take sa mutum ya bar 'yar hannu mai sauƙin kuɗi, ya ƙara abin da zai ƙara ya ɗauki sabuwa. Ke nan garanti ba alfarma ba ce da kamfani yake yi wa mai saye. Kuɗinsa yana cikin farashin, kuma an karɓe shi tun ranar da aka rubuta rasit.

Sai ranar da wayar ta tsaya ake sanin abin da aka saya. Sikirin ya ɗauke, ko ta daina shan caji, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Ka koma wurin mai shago, ya ce shi sayarwa kawai yake yi, sai dai ka kai ofishin kamfanin. Ka nemi ofishin, ka bi layi, a karɓi wayar, a ba ka 'yar takarda, a ce za a kira ka. Daga nan sai shiru. Lambar da ke jikin takardar ko dai ba ta shiga, ko ta shiga ba a ɗauka, in kuma an ɗauka, wanda ya ɗauka bai san zancen ba, sai ka faro masa labari daga tushe. In ka gaji ka tako da ƙafarka, a ce ba a kawo kayan daga Legas ba, ko an tura wayar babban ofis, ko kuma a ce, "Ka ƙara haƙuri Alhaji, wani satin in Allah ya yarda." Haka sati zai zama wata, watan ma ya wuce.

Ra'ayina shi ne garantin da ba a yanka masa rana ba bai cika garanti ba. Ya kamata hukuma ta ɗora wa kamfanonin waya wa'adi na kwanaki ƙididdigaggu, a rubuce, wanda in ya cika ba a gyara ba, mai waya ne zai zaɓa: a ba shi sabuwa ko a mayar masa da kuɗinsa. Kafin wa'adin ya cika kuma, sanar da shi halin da ake ciki ya zama wajibi a kansu, ba sai ya roƙa ba.

Na san akwai wanda zai ce maganar ta yi ƙanƙanta a ƙasar da ake fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Da a 2001 muke, lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, da na yarda da shi, domin a lokacin waya ta gaisuwa ce, kuma ta masu hali. Amma gwamnati da bankuna su ne da kansu suka mayar da ita abin da harka ba ta tafiya sai da shi. An kawo BVN a 2014. Daga ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN. A ƙarshen 2022 aka canza fasalin takardun naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa dole. Yau ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya ga alat. Yaron da zai yi rajistar JAMB ta layinsa ake turo masa lambar da zai fara da ita. Sanarwar ɗaurin aure, ta rasuwa, ta taron unguwa, jadawalin lacca, duk a WhatsApp suke yawo. Gaskiya ne mutum zai iya zare layinsa ya sa a ƙaramar waya mai tocila, ya amsa kira, ya danna lambobin banki. Amma manhajar bankinsa, da hotunan hajarsa, da lissafin masu bashinsa, suna can a aljihun teburin wani ofis da bai san ranar da za a buɗe shi ba. Sayen wata wayar kafin a gyara kuwa ba kowa zai iya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, waya matsakaiciya kuma sai ta cinye albashin wata biyu ko fiye.

Muna da maƙwabciya da take sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga cikin gida. Ba ta da shago. Shagonta shi ne hotunan da take ɗorawa a waya, mata su gani su zaɓa, su turo kuɗi, ta aika musu da kaya. Wayarta, wadda ba ta daɗe da saya ba, ta samu matsala ana gab da azumi, wato daidai lokacin da cinikin shekara yake buɗewa. Ƙaninta ne ya riƙa yi mata zirga-zirga, kullum ya dawo da amsa iri ɗaya. Wayar ba ta dawo hannunta ba sai da aka gama shagalin Sallah. Abin da ta gaya wa maiɗakina ya zauna mini a rai. Ta ce, "Wallahi Yaya, ba daɗewar ce ta fi ƙona mini rai ba. Da tun farko sun ce mini sai bayan Sallah, da na ci bashi na sayi wata, da na fitar da kuɗin a cikin azumin nan."

Nan ne ainihin cutar take. Wanda aka gaya wa gaskiya, ko da mai ɗaci ce, zai iya shiri: ya yi aro, ya ci bashi, ya sanar da abokan cinikinsa, ya canza dabara. Wanda ake ce wa gobe, jibi, wani satin, an ɗaure shi ne wuri guda. Ba zai sayi wata ba, don yana ganin tasa ta kusa fitowa. Ba zai karɓe ta ya kai kasuwa ba, don yana jin ya riga ya yi jiran da ya fi yawa. Asarar da jinkirin ya jawo daban, wadda ɓoye masa gaskiya ya jawo daban, kuma ta biyun sau da yawa ta fi girma.

Ba na musun cewa jinkirin yana da dalilai na gaske. Ba a ƙera sikirin ko batir ko injin waya a Najeriya. Mafi yawansu daga Sin suke zuwa, daga Shenzhen da kewayenta, kuma da dala ake sayen su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma duk mai shigo da kaya ya ji a jikinsa. Batir yana da ƙa'idoji masu tsauri wajen ɗaukarsa a jirgin sama saboda haɗarin gobara. Ga kwastam, ga hanya daga Legas zuwa Arewa. Sannan kamfanonin suna fitar da samfura barkatai a kowace shekara, kowanne da nasa kayan, ajiye na kowa a kowane gari kuɗi ne kwance. Duk na yarda. Amma abu biyu suna hana ni karɓar wannan uzuri ɗungurungum. Na farko, sababbin wayoyin ba sa makara. Ranar da aka ce sabon samfuri zai fito, za ka same shi a kasuwa, da allunan talla a kan titi da masu kiɗa a bakin shago. Hanyar da ta kawo wayar ba za ta gagari kayan gyaranta ba, sai dai in ba a ɗauki abin da muhimmanci ɗaya ba. Na biyu, kayan da ofis yake cewa babu, sau da yawa yaron da ke gyara a bakin kasuwa zai samo irinsa kafin la'asar.

Ko da an yafe jinkirin ma, shirun ba shi da uzuri ko ɗaya. Dala ba ta hana tura saƙo. Kwastam ba ta tare kiran waya. Kowace waya tana da lambar IMEI da ta bambanta ta da kowace waya a duniya, kowane aikin gyara yana da lambarsa a kwamfuta, kuma an karɓi lambar da za a same ka tun ranar farko. Saƙon tes 'yan nairori ne. Kamfanonin da ke iya cika wa mutum waya da tallan garaɓasa safe da yamma ba za a ce sun kasa rubuta masa layi biyu a sati ba: wayarka tana wuri kaza, abin da ya lalace kaza ne, muna sa ran kayan ranar kaza.

To me ya sa ba a yi? Ba sai an ƙulla wata maƙarƙashiya ba. Abin da ake ciki kawai shi ne jinkiri ba ya cin ko sisin kamfani, mai waya ne yake biya. Shi yake biyan kuɗin mota, shi yake barin aikinsa, shi yake asarar ciniki. Duk wanda ya gaji ya karɓe wayarsa ba a gyara ba, an sauke wa kamfani nauyi. Duk wanda ya haƙura ya sayi sabuwa, an yi sabon ciniki, kuma ba mamaki wayar kamfanin da ya wahalar da shi zai sake saya, tunda ita ya saba da ita, ita ce kuma daidai aljihunsa. Ga shi kuma kwanakin garantin suna tafiya alhali wayar tana hannunsu. Mutum ya sayi shekara guda, a cinye masa wata biyu a ofis, a miƙo masa wayar ba tare da an ƙara masa ko yini ɗaya ba. Muddin tsarin yana nan haka, manajan da ya fi kowa tsoron Allah ma ba zai samu hujjar da zai kai wa na sama da shi ba don a ɗauki ƙarin ma'aikata masu amsa waya ko a cika sito da kayan gyara.

Shi ya sa mutane da yawa ba sa ma gwada ofis. Kai tsaye suke wucewa wurin masu gyara na kasuwa, yaran nan da ke zaune da teburi da 'yar fitila da ƙarfen ƙona dalma. Ba don aikinsu ya fi inganci ba. Kowa ya san ana sa kwafi a ce orijina ne, ana kuma gyara wani abu a ɓata wani. Amma a can kana zaune a benci kana kallon wayarka. Zai buɗe ya ce, "Yallaɓai, bakin caji ne, ba ni awa ɗaya," ko ya ce, "Wannan injin ne ya tafi, kada ka ɓata kuɗinka." Ka samu amsa, kuma ka san fuskar da za ka koma wa. Sai dai daga lokacin da ya sa sukudireba a jikin wayar, garantin ya faɗi. Mutum ya biya kuɗin garanti ranar saye, ya sake biyan kuɗin gyara, don kawai ba zai iya jure jiran da ba shi da iyaka ba.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Bayan makonni ana jira, sai a kira mutum a ce masa an duba, ruwa ne ya shiga wayar, ko faɗuwa ta yi, saboda haka garanti bai hau kanta ba, sai ya biya. A cikin wayoyi da yawa akwai ɗan tambari da ke canza launi in ruwa ya taɓa shi, da shi ake kafa hujja. Ba na cewa ƙarya ake yi kullum. Mu ma muna da masu jefa waya a bokiti su shanya ta, su zo su rantse haka kawai ta mutu, kuma irinsu suna cikin abin da ya sa ake zargin kowa. Amma duba wannan tambarin da duba tsagewar jiki aikin mintuna ne. Me zai hana a yi shi ranar da aka kawo wayar, a gaban mai ita, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu? Hukuncin da aka yanke a bayan idonka, bayan wayar ta bi hannaye da yawa, ba ka da yadda za ka gaskata shi, ba ka kuma da yadda za ka ƙaryata shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ƙasar nan ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 130 ya ce wanda aka karɓi aikinsa yana da haƙƙin a yi masa shi kan lokaci, kuma a sanar da shi kan lokaci in wani jinkiri da ba makawa ya taso. Sashe na 132 ya ce cikin wata uku da karɓar kaya, in sun gaza ingancin da ya kamata, mai saye yana iya mayar da su ga wanda ya sayar masa, ba tare da an ci shi tara ba, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wato shirun da ake yi wa mutane ba rashin kirki kawai ba ne, tauye haƙƙi ne da doka ta ambata da sunansa.

Gibin da ke ciki shi ne dokar ta ce kan lokaci, ba ta ce kwana nawa ba. Ga maƙwabciyarmu a cikin azumi, sati guda ma ya yi yawa. Ga kamfani, wata uku ma yana iya cewa yana bakin ƙoƙarinsa. In aka bar fassarar lokaci a hannun wanda yake riƙe da wayar, an san yadda za ta kaya.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan gibin tuntuni. Wadda ta fi burge ni ita ce Brazil, domin ba a cikin ƙasashen Turai masu yalwa take ba, tana da talakawa da yawa, tana kuma da faɗin ƙasa da ya ninka namu. Dokarta ta kare masu saye ta 1990 ta ce in kaya ya nuna aibi, akwai kwana 30 na gyara shi. In suka wuce, zaɓi ya koma hannun mai saye: a canza masa da wani, ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a rage masa farashi. Afirka ta Kudu ta ba mai saye wata shida, ninkin namu, kuma shi yake zaɓar gyara ko canji ko kuɗi. Tarayyar Turai ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta ce wanda ya zaɓi gyara maimakon canji za a ƙara masa shekara guda a kan garantinsa. Daga Yunin 2025 kuma, mai son sayar da waya a can dole ya tanadi kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, ya kuma isar da su cikin kwanakin aiki biyar zuwa goma. Da yawa daga cikin kamfanonin da ke bin waɗannan ƙa'idoji a can su ne suke sayar mana da waya a nan. Sun san yadda ake yi. Ba a tilasta musu ba ne kawai.

Ba ma sai mun tsallaka teku ba kafin mu san cewa mai karɓar aiki yana da nauyi a wuyansa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ta ce masu sana'a su ke da lamunin abin da aka ba su suka keɓe da shi bayan idon mai shi, ko da lada suka yi aikin ko ba da lada ba. A kan ɓata ko lalacewar kaya maganar take, amma ƙarshenta ya dace da halin da muke ciki, domin a ofisoshin nan akwai wani kallo da ake yi wa mai garanti, kamar wanda ya zo cin banza, a sa shi a bayan mai biyan kuɗi hannu da hannu. Malamai ba su sassauta wa mai sana'a don bai karɓi lada ba, balle wanda ya riga ya karɓa tun a farashi. Hadisi kuma ya tabbata cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan abin da ake bin sa zalunci ne. Telan da ya riƙe wa mutane ɗinkin Sallah yana ɓuya, unguwa ta san sunan da take kiran sa da shi. Ban ga dalilin da zai sa kamfani mai biliyoyi ya samu sassaucin da ba a yi wa tela ba.

Mu ma akwai halinmu da yake taimaka wa abin ya ɗore. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da kawaici, kuma abin alfahari ne. Amma an mayar da "ka yi haƙuri" ƙarshen magana, alhali kamata ya yi ya biyo bayan bayani. In mutum ya nace sai an gaya masa rana, sai a ga kamar ya cika fitina, har na bayansa a layi su taya ba shi haƙuri. Ƙarshe ya ce Allah ya isa, ya tafi, ba a rubuta kokensa a ko'ina ba. A lissafin kamfani da na hukuma, wannan mutumin bai taɓa samun matsala ba. Wasu kuma sukan sauke fushinsu a kan yarinya ko yaron da ke kan kanta, su zage su tas. Wannan ma ba ya gyara komai, kuma zalunci ne, don wanda ke kan kanta bai da ikon yin odar ko sukuru ɗaya, abin da kwamfuta ta nuna masa yake karantawa, wani lokacin ma shi kansa ba a gaya masa gaskiyar ba.

A Arewa abin yana da ƙarin nauyi saboda nisa. Ofisoshin gyara a manyan birane suke. Mutumin Gumel ko Malumfashi ko Bichi da aka ce wa ya leƙo wani satin, yini guda ne ya tafi, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Na Maraɗi ko Damagaram da ya sayi wayarsa a Kano kuwa, sai ya tsallako iyaka don a ce masa ba a kawo kayan ba. Takardar garantin kanta da Turanci take, da ƙananan haruffan da ko mai digiri sai ya ƙura ido. Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai in talla za su yi a rediyo, har da kirari da waƙa. Sharuɗɗan garanti da saƙon sanar da halin gyara su ma a yi su da Hausa.

Abin da nake nema daga FCCPC ba sabuwar doka ba ce daga majalisa. Ƙa'ida ce da za ta fitar ta sa wa "kan lokaci" adadi. Ni kwana 30 na Brazil ya yi mini, duk da na san ga mai sana'a da waya ko shi ma dogo ne. Takardar da ake ba mutum ranar karɓar waya ta ɗauki ranar da zai dawo, da halin da aka ga wayar a gabansa. In ranar za ta goce, a sanar da shi kafin ta zo, da dalili. Kowane yini da wayar ta yi a ofis a ƙara shi a kan garantin. In gyaran zai wuce sati, a ba shi aron wata ko da tsohuwa ce, ya ajiye shaida. A cikin ƙa'idar kuma a sa maganar sirri, domin ana karɓar wayoyin mutane har da lambar buɗe su, da hotunan iyali da saƙonnin banki a ciki, su yi makonni suna yawo tsakanin garuruwa, mai su bai san wa ya taɓa ba. Tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane, ya kamata ta biyo wayar har teburin gyara.

Hukumar tana da ƙarfin yin haka. Ita ce a 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙararrakin gasa da masu saye kuma ta tabbatar da hukuncin a 2025. Wadda ta iya tunkarar Meta ba za ta kasa kiran masu shigo da waya ta zaunar da su ba. Amma hukuma da takarda take aiki. In koke bai isa gabanta ba, ba ta da abin riƙewa. Saboda haka wanda aka ja wa rai ya riƙe rasit ɗinsa da kwalinsa da takardar karɓar gyara, ya rubuta ranakun da ya je da abin da aka ce masa, ya kai ƙara FCCPC, ko hukumar kare masu saye ta jiharsa in akwai, kamar yadda Kano take da ita. Kano da Legas suna kuma da kotunan ƙananan ƙararraki da ba sai da lauya ake shiga ba.

Sauran magana ta dilolinmu ce, kuma su na fi so su ji ni, don su muke gani ido da ido, da su muke sallah a masallaci ɗaya. Mai shagon da ya dafa kwali ya ce ko me ta yi a dawo, bai kamata ranar da aka dawo ya ce ba ruwansa ba. A cikin wata ukun farko doka ma shi ta ambata, wanda ya sayar. In wayar ta shigo ne ta Dubai ko wata hanya da garantinta ba ya aiki a Najeriya, ya faɗa kafin a biya, mai saye ya san abin da ya ɗauka. Kuma 'yan kasuwar waya suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni, su ne ƙofar da kamfanonin nan suke bi su isa ga miliyoyin mutane. Kwastoma ɗaya da ya je ofis yana roƙo ba wanda zai kula shi. Amma in ƙungiyar 'yan kasuwa ta tara takardun gyara ɗari da suka wuce wata guda, ta kira wakilin kamfani ta ce ba za ta sake sauke kwali ɗaya na kayansa ba sai ya sa hannu a kan wa'adi, a cikin satin nan za a samu wanda zai ɗauki waya.